Daga Batir Zuwa Sola: Tarihin Adafta da Masu Haɗa Ta a Kaduna

A ranar 21 ga Oktoba, 2024, layin lantarki mai ƙarfin bolt 330,000 da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu zuwa Apir, kusa da Makurɗi, ya katse. Kafin wannan rana wasu ɓata-gari sun riga sun lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa babbar tashar Mando a Kaduna, saboda haka wuta ta kasa isa yawancin Arewa. Jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu injin niƙa suka koma kan man fetur, masu walda suka zauna zaman jira, ƙanƙara ta yi tsada.

Duk da haka, a Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa da Unguwar Sarki da Tudun Wada akwai abubuwan da ba su tsaya ba. Wayoyin hannu sun ci gaba da samun caji a rumfunan masu caji, rediyo ya ci gaba da magana, fitilun caji suna haska tsakar gida, a wasu gidajen ma fanka tana juyawa da batirin sola. Waɗannan kayayyaki duka da wata irin wuta suke aiki, ƙarama mai bolt 5 ko 6 ko 12, wadda ta bambanta da wadda ke bin turakun Mando. Tsakanin babbar wutar da ƙaramar akwai wani ɗan haɗi na wayoyi da ƙananan kayan lantarki, wanda a da muke kira adafta, yau kuma muka fi saninsa da sunan caja. Tarihinsa a Kaduna tarihi ne na yadda talaka ya riƙa nema wa kansa wutar da zai dogara da ita, da kuma yadda wannan nema ya haifar da sana'a da makaranta.

Wuta iri biyu ce

Abin da muke kira wuta a dunƙule iri biyu ne. Akwai wadda ke fitowa daga batir, tana gudana ta fuska ɗaya kamar ruwan da ke bin lambatu. Ma'aikatan lantarki suna ce mata DC, mu kuwa mu kira ta miƙaƙƙiyar wuta. Akwai kuma wadda ke shigowa gida ta wayar Nepa, tana zuwa tana komawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin da a ƙa'ida ya kamata ya zama bolt 230. Ita ce AC, wuta mai kai-komo.

Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta titin Pearl a birnin New York a 1882, miƙaƙƙiyar wuta yake sayarwa. Matsalarta ita ce ba ta yin nisa: kafin ta yi tafiyar kilomita biyu ƙarfinta ya zube a cikin waya. George Westinghouse da Nikola Tesla suka tsaya a kan wuta mai kai-komo, domin ita ce taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a aika da ita nesa, sannan a sauke shi idan ta isa gari. Su suka yi nasara, kuma shi ya sa wutar da ake samarwa a Kainji take iya ratso ɗaruruwan kilomitoci ta iso Kaduna.

Sai dai rediyo da talabijin da wayar hannu da kwamfuta, babu ɗayansu da ke aiki da wuta mai kai-komo kai tsaye. Cikinsu miƙaƙƙiyar wuta yake so, ƙarama, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Don haka kowace na'ura irin wannan, ko dai a ba ta batir, ko a samar mata abin da zai juya wutar bango ta koma irin ta batir.

Wutar bangon kanta ba ta zo wa mutanen Kaduna a lokaci ɗaya ba. Turawan mulkin mallaka sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma injinan wuta na farko, a wajajen ƙarshen shekarun 1920, ofisoshi da bariki da gidajen Turawa suka fara yi wa aiki. Hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta fara aiki a 1951. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja a 1972 aka samar da NEPA, sunan da har yau bai bar bakin mutane ba duk da canje-canjen da aka yi. Madatsar Shiroro, wadda ke kan kogin Kaduna kansa, sai a 1990 ta soma aiki. A duk tsawon wannan lokaci, gidajen da ke da wuta a unguwannin talakawa ba su kai waɗanda ba su da ita yawa ba.

Rediyo ya riga wuta shiga gida

Rediyon farko da talakan Arewa ya sani ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Akwati ne mai lasifika kawai, an ja masa waya daga tashar gwamnati, ana biyan kuɗin wata. An kafa irin wannan tsari a Kano a 1944, Kaduna da Zariya suka biyo baya a shekarun da suka bi Yaƙin Duniya na Biyu. Mai akwatin yana iya ƙara murya ko ya rage, amma ba shi da ikon sauya tasha.

Rediyon da ke kamo tashoshi da kansa a wancan zamani mai bawul ne, wato wasu ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan fitila waɗanda sai sun yi zafi suke aiki. Irin wannan rediyo batir biyu yake ci: ƙarami na ɗumama bawul, da babba mai bolt 90 ko kusa da haka. Tsadar waɗannan batura ce ta sa a Amurka, tun shekarun 1920, aka ƙirƙiro akwatin da ake jonawa a bango ya maye gurbin batir. Wannan akwati shi ne kakan adafta. Kamfanin da Paul Galvin ya kafa a Chicago a 1928, wanda daga baya ya zama Motorola, da shi ya fara kasuwanci. A Afirka kuwa, inda bangon ba shi da soket, akasin haka aka yi. A 1949 aka fito da wani rediyo mai araha a Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, wanda jikinsa ya yi kama da tukunyar girki, ana sayar da shi fam 5. Kamfanin Ever Ready ne ya ƙera shi, kamfanin batir, wanda ya san cewa rediyo sau ɗaya ake saye, batir kuwa kullum.

Abin da ya sauya komai shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a watan Disambar 1947. Ba ta bukatar ɗumi, ba ta bukatar bolt 90. Rediyon taransista na farko da ya shiga kasuwa, Regency TR-1, ya fito a 1954, kafin kamfanonin Japan irin su Sony da National su cika duniya da nasu. Batirin tocila huɗu, kowanne bolt 1.5, sun isa su riƙe rediyo makonni.

Wannan ya zo daidai da lokacin da aka sami abin saurare da Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a ranar 13 ga Maris, 1957. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, tare da kamfanonin EMI da Granada na Ingila, ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, wanda ya haifi Rediyo Kaduna da gidan talabijin ɗinsa. Muryar Jamus ta buɗe sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ta gajeren zango muryar Kaduna ta riƙa kaiwa Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana. Mai gadi da mai shayi da makiyayi kowa ya rataya rediyonsa, ana jiran gaisuwar Zaɓi Sonka, ana dariyar Samanja, da azumi kuma ana sauraron tafsirin Shaikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Duk wannan a kan batir aka gina shi, batirin Berec da farko, daga baya Tiger Head na ƙasar Sin ya mamaye kasuwa.

Kaset ya zo da yunwar batir

Da a ce rediyo kaɗai ne, da wataƙila adafta ba ta samu kasuwa sosai ba, domin rediyon taransista ba ya cin wuta. Rakoda ce ta tayar da bukatar. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma zuwa shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya shigo, ma'aikatan gwamnati da na masaƙun Kakuri suka samu abin sayen kayan marmari, rakoda mai rediyo ta zama abin da ake gani a ɗakin amarya da teburin mai shago. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, karatun Alƙur'ani, wa'azin malamai na kowane ɓangare, duk a kaset suka riƙa yawo.

A cikin rakoda akwai ɗan inji da ke juya zaren kaset, shi kuwa inji yana shan wuta ninkin abin da rediyo ke sha sau da yawa. Batir shida manya da za su yi makonni a rediyo, a rakoda kwanaki kaɗan suke yi. Da sun fara rauni sai muryar mawaƙi ta yi nauyi, ta riƙa jan jiki. Kowa ya san dabarun wancan lokaci: a shanya batir a rana, a juya kaset da biro don kada a ɓata wuta wajen mayar da shi baya. Masu talabijin fari da baƙi a gidajen da ba wuta kuwa batirin mota suke jonawa, idan ya sauka a ɗora shi a keke a kai wa mai caji.

Sai tattalin arziki ya juya. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da matakan tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. A watan Satumbar 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Babangida, aka saki darajar naira. Naira da a farkon shekarar take kusan kai ɗaya da dala, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da fiye da naira 3 ake samun dala ɗaya. Sabon rediyo ya fi ƙarfin ma'aikaci, batir ya zama abin lissafi. Abin da ya lalace dole a gyara shi, wanda kuma ke da wuta a gidansa, ko da ta sa'o'i kaɗan ce, sai ya nemi hanyar da rediyonsa zai ci daga bango.

Kasuwa ta amsa da wata baƙar adafta mai maɓallin zaɓi: bolt 3, 4.5, 6, 7.5, 9 ko 12, da wani maɓallin na juya kan wuta, da baki huɗu a jere. Tana da araha, amma illolinta uku ne. Idan aka juya maɓallin kai ba daidai ba, rediyo ya ƙone nan take. Lambar da aka rubuta a jikinta sau da yawa ba ita ke fitowa ba, domin idan na'urar ba ta jan wuta sosai ƙarfin yakan haura. Sannan tana sa rediyo gurnani, wani ƙugi da ke bin bayan muryar mai labarai. Idan kuma Nepa ta kawo wuta marar ƙarfi, abin da ke fitowa daga adaftar shi ma sai ya ragu, kaset ya koma jan jiki kamar da mataccen batir. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi kan tsone maka ido: akwatin da bai kai kuɗin batir na wata biyu ba yana iya halaka rakodar da aka tara kuɗinta shekara guda. Daga nan mutane suka riƙa komawa wurin mai gyaran rediyo, ya gyara musu ta kanti ko ya haɗa musu wadda ta fi ta.

Abin da ke cikin akwatin

Adaftar da mai gyara ke haɗawa matakai huɗu gare ta, kuma duk wanda ya fahimce su ya fahimci rabin aikin lantarki.

Na farko taransifoma ce ƙarama: naɗin wayar tagulla biyu a kan ƙarfe ɗaya. Yawan zagayen naɗin farko idan aka gwada shi da na biyu shi ke yanke ƙarfin da zai fito. Domin a sauke bolt 230 zuwa 12, naɗin farko zai ninka na biyu kusan sau 19. Naɗin biyu ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ke ɗaukar wutar daga wannan zuwa wancan. Wannan rabuwa ita ce ke kare ran mutum, domin abin da hannu zai taɓa a ɓangaren rediyo ba shi da hanya kai tsaye zuwa wutar bango. A gaban naɗin farko ake sa fiyus.

Na biyu dayod ne, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, kamar ƙofar da ke buɗewa ciki ba ta buɗewa waje. Idan aka jera guda huɗu a wani tsari da ake kira gada, wanda Karol Pollak ɗan ƙasar Poland ya yi wa rajista a 1895, to zuwan wutar da komawarta duka sai su fito ta fuska ɗaya. Wanda aka fi amfani da shi, mai lamba 1N4007, yana ɗaukar amfiya 1. Abin da ke fitowa daga gadar ya miƙe, amma tudu-tudu ne, yana hawa yana faɗuwa sau 100 a daƙiƙa.

Na uku kafasita ce, wadda aikinta ya yi kama da na randa a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: tana cika idan wuta ta hau, tana bayarwa idan ta sauka. A nan ne sabon yaron shago ke cin karo da abin mamakinsa na farko. Taransifoma an rubuta mata bolt 12, amma mita tana nuna kusan 15.5 a kan kafasita. Dalili shi ne bolt 12 matsakaicin ƙarfin wutar ne, ƙololuwarta kuwa ta ninka haka sau 1.4, wato kusan 17, sai dayod su ci kusan 1.4 daga ciki. Kafasita mai maikurofarad 2,200, idan na'ura tana jan rabin amfiya, tana barin hawa da sauka na kusan bolt 2. Wannan ragowar ita ce gurnanin da ake ji a rediyo, kuma idan kafasita ta tsufa ko an sa ƙarama don rage kuɗi, gurnanin sai ya ƙaru. Tana da kai da gindi. Wanda ya juya ta, za ta kumbura ta fashe.

Na huɗu shi ne abin da adaftar kanti ba ta da shi: mai daidaita ƙarfi, wani baƙin abu mai ƙafa uku. Bob Widlar na kamfanin National Semiconductor ne ya fito da irinsa na farko mai ƙarfi, LM109, a wajajen 1970, daga baya jerin masu lamba 78 suka bazu a duniya. Lambobi biyu na ƙarshe su ne ƙarfin da ke fitowa: 7805 bolt 5, 7806 bolt 6, 7809 bolt 9, 7812 bolt 12. A 1976 Robert Dobkin ya ƙera LM317, wanda da rasista biyu ake saita shi daga bolt 1.25 zuwa 37. Sharaɗin 'yan gidan 78 shi ne abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da aƙalla bolt 2. Rarar kuwa zafi take zama. Idan aka shigar da bolt 15 aka fitar da 6 a kan rabin amfiya, rediyo ya samu wat 3, wat 4.5 kuma ya tafi a zafi, shi ya sa ake ɗaure shi a jikin guntun alminiyam.

A ƙasar da wutarta ke tsaye, wannan asara ce da injiniya zai yi ƙoƙarin ragewa. A Kaduna kuwa rarar ita ce amfanin. A ce Nepa ta kawo bolt 170 maimakon 230. Taransifomar bolt 12 za ta ba da kusan 9, kafasita ta ɗaga shi zuwa kusan 11, ko an cire hawa da saukar bolt 2 akwai sauran 9, wanda ya wuce 8 da 7806 ke nema. Ƙwan ɗaki ya yi ja, fanka tana rarrafe, amma rediyo bai san abin da ake ciki ba. Gogaggen mai gyara da gangan yake zaɓar taransifomar da ta fi bukata, domin ya san wutar garinsa fiye da wanda ya rubuta littafin.

Shago ya zama makaranta

Kaduna ba ta rasa makarantun fasaha ba. Cibiyar koyon fasaha da aka buɗe a 1956 ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, da babban harabarta a Tudun Wada. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Malali. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedikwatarta take. A farkon shekarun 1980 tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya shigo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, gwamnati ta sayo kayan aiki daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa akwatunan sun yi shekaru ba a buɗe ba, saboda babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san su, babu wutar da za ta tashe su.

Wanda ya cike giɓin shi ne shagon mai gyara. Uba yakan kai ɗansa wurin maigidan shago a gefen babbar kasuwa, wadda yau ke ɗauke da sunan Shaikh Gumi, ko a lungun unguwa. Yaro zai yi watanni yana shara, yana riƙe tocila, yana ciro kayan tsofaffin rediyo yana warewa a gwangwanaye. Sannan a koya masa narka dalma, a koya masa karanta mita. Abin da ya fi dacewa ya zama aikinsa na farko shi ne adafta, domin kayanta kaɗan ne, kowane mataki ana iya auna shi a ga sakamako, kuma mafi yawan na'urorin da ake kawowa gyara a ɓangaren wuta ciwonsu yake: fiyus ya tsinke, dayod ya ƙone, kafasita ta kumbura. Yaron da ya iya bin wuta daga fulogi har zuwa ƙafar mai daidaita ƙarfi ya iya neman abincinsa.

Kayan aikin ma ba sai sabo ba. A kasuwar Panteka, wadda ke makwabtaka da kwalejin fasaha, abin da wani ya yar shi ne jarin wani. Taransifomar matacciyar rakoda, alminiyam na tsohuwar taga, kwalin roba ko gwangwani, da su ake tayar da sabuwar adafta. Shekaru da yawa katanga ce kawai tsakanin masu takardar shaida da masu iya aiki, kowa yana kallon ɗan'uwansa daga nesa. Sai a shekarun baya-bayan nan, musamman zamanin da Farfesa Idris Bugaje ya shugabanci kwalejin kafin ya koma NBTE a 2021, aka fara maganar tantance ƙwarewar masu sana'ar Panteka a ba su shaida.

Zamanin caja

A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Cikin shekaru kaɗan caja ta shiga kowane gida, ita kuma da wata fasaha dabam take aiki. Maimakon ta fara sauke wuta, sai ta miƙar da bolt 230 ɗin kai tsaye, ya zama kusan bolt 325 a kan wata kafasita, sannan taransista ta riƙa yanka shi sau dubbai a daƙiƙa kafin ya ratsa wata taransifoma da ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu girma ba. Fasahar ba sabuwa ba ce, kwamfutar Apple II ta 1977 da irinta take aiki, amma wayar hannu ce ta mai da ita abin naira kaɗan. Ba ta da nauyi, ba ta asarar wuta sosai, kuma tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, shi ya sa waya ke caji ko da wutar ba ta iya tayar da firji.

Ribar ta zo da hasara biyu. Ta farko, caja a manne take, kuma kuɗin gyaranta ya fi kuɗin sabuwa, don haka idan ta mutu bola ake kai ta. Darasin farko na yaron shago ya ɓace. Da yawa daga masu gyaran waya na yau canja gilashi da canja allo suka koya. Ta biyu ta shafi rai. A cikin cajar kirki akwai tazara da kariya tsakanin ɓangaren bolt 325 da ɓangaren bolt 5. A ta jabu an matse su, an rage kaya, kuma idan danshi ko zafi ya haɗa su, wutar bango tana iya isa hannun mai riƙe da waya. Wasu fitilun caji masu araha ma babu taransifoma a cikinsu ko kaɗan, kafasita ɗaya ce ke rage wutar, don haka duk ƙarfen da ke cikinsu yana iya jan mutum muddin suna jone. Masu sauraron gajeren zango kuma sun san cewa caja kusa da rediyo ƙara take haifarwa, abin da ya sa tsohuwar adafta mai nauyi ba ta rasa masoya ba.

Miƙaƙƙiyar wuta ta dawo

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, ƙaramin janareta ya fi ƙarfin gidaje da yawa, sola ta samu shiga. Faifan sola miƙaƙƙiyar wuta yake bayarwa, batir ita yake ajiyewa, waya da ƙwan LED da sabbin fankoki ita suke ci. Wanda ya sayi inbata ya juya ta zuwa wuta mai kai-komo, sannan ya jona caja ta sake miƙar da ita, ya yi asara sau biyu. Gidan da ke da faifai ɗaya da batir ɗaya ya fi samun riba idan ya zauna a kan bolt 12.

A nan ne tsohon ilimin ya sake zama abin bukata, domin kurakuran ba su canja ba. Faifan da ake kira na bolt 12 yana iya ba da fiye da 20 idan ba a jona masa komai ba, kamar yadda taransifomar bolt 12 ke nuna 15.5, wanda ya haɗa shi da batir ba tare da mai daidaita caji ba zai dafa batirin. Juya kan waya har yanzu yana ƙona na'ura. Siririyar waya a kan batirin da ba shi da fiyus tana iya yin ja ta tayar da gobara, ko da bolt 12 ne kawai. Ɗalibin da ke wasa da allon Arduino, mai aiki da bolt 5, zai gane da yatsansa cewa 7805 yana zafi idan an ba shi 12, kuma ɗan allo mai LM2596 yana yin aikin ba tare da wannan asara ba.

Kayan haɗa adafta mai matakai huɗu ba su wuce goma ba, kuma dukansu ana samun su a kasuwar Gumi ko a cikin tsohuwar rakoda. Ana iya koyar da ita a ƙaramar sakandare cikin zango ɗaya, malami ya riƙe ɓangaren bolt 230, ɗalibai su yi aiki daga bolt 12 zuwa ƙasa. Masu gyaran da suka koyi sana'ar a zamanin SAP suna nan da ransu a Tudun Wada da Kawo, mafi yawansu sun manyanta, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Makarantar da ke neman malamin wannan darasi ba ta bukatar jiran akwati daga ƙasar waje. Tana iya aika musu goron gayyata. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.